Nikolai Zhukovsky

Nikolai Yegorovich Zhukovsky (17 ga Janairu, 1847 – 17 ga Maris, 1921) masanin lissafi ne kuma injiniya ɗan ƙasar Rasha, wanda ya shafe kusan shekara 50 yana koyarwa a birnin Mosko. An fi saninsa da ayyuka biyu. Na farko shi ne bayanin bugun ruwa, wato tashin matsi na farat ɗaya da ke aukuwa a cikin bututu idan aka tsayar da ruwa mai gudu ba shiri. Na biyu shi ne lissafin ƙarfin da ke ɗaga fiffiken jirgin sama. A Rasha ana yi masa laƙabi da uban harkar jiragen sama na ƙasar. A littattafan injiniyan ruwa kuwa an fi rubuta sunansa Joukowsky, yadda ya bayyana a takardun da aka buga masa da harsunan Yammacin Turai.

Farkon rayuwa da ilimi

An haifi Zhukovsky a ƙauyen Orekhovo da ke lardin Vladimir, gabas da Mosko. Mahaifinsa, Yegor Ivanovich, injiniya ne, mahaifiyarsa kuma sunanta Anna Nikolayevna. A shekarar 1858 aka kai shi makarantar sakandare ta huɗu a Mosko, ya gama a 1864. Burinsa a lokacin shi ne ya gaji mahaifinsa, ya shiga kwalejin injiniyoyin hanyoyi da ke St. Petersburg, amma iyayensa ba su da halin ɗaukar nauyinsa a can. Sai ya shiga Jami'ar Mosko, sashen lissafi da fiziks, ya kammala a 1868.

Da ya gama digiri sai ya sake nufar St. Petersburg, ya samu shiga kwalejin da ya daɗe yana so. Karatun bai karɓe shi ba, musamman zanen injiniya, ga kuma rashin lafiya, sai ya bari ya koma gida. Mutumin da injiniyoyin duniya ke amfani da lissafinsa har yau bai taɓa samun takardar shaidar injiniya daga wannan makaranta ba.

A 1870 ya fara koyar da fiziks a wata sakandaren 'yan mata a Mosko. A 1872 aka ɗauke shi malamin lissafi a Makarantar Fasaha ta Mosko, wadda yau ake kira Jami'ar Bauman, kuma bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarsa. Ya samu digiri na biyu a 1876 da bincike a kan yanayin motsin abu mai ruwa-ruwa, sannan digirin digirgir a 1882 a kan daidaituwar motsi. Daga 1886 ya zama farfesa a Jami'ar Mosko, yana haɗa koyarwa a wuraren biyu. A 1894 Cibiyar Kimiyya ta St. Petersburg ta zaɓe shi wakilinta, a 1905 kuma ya zama shugaban Ƙungiyar Masana Lissafi ta Mosko.

Gwajin ruwan Mosko

A farkon shekarun 1890 aka sabunta hanyar da ke kawo wa Mosko ruwa daga Mytishchi, aka kafa sababbin injinan tura ruwa, aka shimfiɗa sababbin bututai. Bututan suka riƙa fashewa a wurare daban-daban ba tare da wani dalili na zahiri ba, alhali matsin da ake tura ruwan da shi bai kai abin da aka ƙera su su ɗauka ba. Babban injiniyan ruwan birnin, Nikolai Zimin, ya nemi Zhukovsky ya jagoranci bincike.

An yi gwaje-gwajen a 1897 da 1898 a tashar tura ruwa ta Alekseyevskaya. An shimfiɗa bututan ƙarfe uku a filin tashar: mai faɗin inci 2 da tsawonsa ya kai kimanin mita 760, da mai inci 4, da mai inci 6, waɗanda kowannensu ya ɗan haura mita 300. Duk an jona su da babban bututun birni mai inci 24. A ƙarshen kowane bututu aka sa bawul mai rufewa cikin ƙiftawar ido, a jikinsa kuma aka ɗaura na'urori masu zana hawa da saukar matsi a kan takarda, irin waɗanda ake auna injin tururi da su. Za a buɗe ruwa ya yi gudu gwargwadon yadda ake so, a datse shi, sannan a karanta abin da alƙaluman suka zana.

Abin da zanen ya nuna shi ne ruwan da ke cikin dogon bututu ba ya tsayawa gaba ɗaya lokaci guda. Wanda ke bakin bawul shi ke fara tsayawa, na bayansa ya danno shi. Ruwan ya ɗan matse, jikin bututun ya ɗan kumbura, sai wannan matsewa ta yi ta tafiya baya kamar yadda tarago ke bugun tarago idan kan jirgin ƙasa ya ci birki. A bututun ƙarfe wannan igiyar matsi tana gudun fiye da mita 1,000 a daƙiƙa. Idan ta isa babban bututu ko tanki sai ta juyo, ta dawo bakin bawul da ƙarancin matsi, ta sake komawa. Haka za ta yi ta kai da komowa har ƙarfinta ya ƙare. Ƙarar da ake ji a bututun gida, kamar ana dukansa da guduma bayan an rufe famfo da sauri, wannan ce.

Daga nan Zhukovsky ya fitar da ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa: ƙarin matsin daidai yake da nauyin ruwa a kowace mita mai kusurwa, a ninka da saurin igiyar, a sake ninkawa da saurin ruwan da aka tsayar. A bututan Mosko, kowace ƙafa ɗaya a daƙiƙa ta gudun ruwa tana haifar da ƙarin matsi kusan ninki 4 na matsin iskar da ke kewaye da mu. A lissafin yau, idan ruwa na gudun mita 1 a daƙiƙa a bututun da igiya ke gudun mita 1,200 a cikinsa, tsayar da shi kwatsam zai ƙara matsin da ya kai na ruwa mai zurfin mita 120. Abin lura shi ne tsawon bututu bai shiga wannan lissafi ba, haka ma matsin da ruwan ke da shi tun farko. Bututun da ke aiki da ɗan matsi kaɗan yana iya shan bugu daidai da na mai matsi da yawa, muddin gudun ruwansu ɗaya ne.

Inda tsawo ke da tasiri shi ne wajen lokaci. Igiyar tana buƙatar ta je ƙarshen bututu ta dawo, wato ninki biyu na tsawonsa a raba da saurinta. Duk rufewar da ta gama kafin wannan lokaci ya cika, bugunta cikakke ne, ko da a idon mai rufewa a hankali ya yi. Idan kuwa an ja rufewar ta wuce haka, igiyar da ta dawo tana rage wa wadda ke tasowa ƙarfi. Saboda haka ya ba da shawarar a yi amfani da bawul mai murɗawa wanda ba ya rufuwa da juyi ɗaya, a sa tukunyar iska wadda za ta shanye bugun, a kuma sa bawul mai buɗe kansa idan matsi ya yi yawa. Ya nuna cewa bugun yana ƙaruwa idan ya shiga siririn reshe mai toshe a ƙarshe, kuma idan matsi ya faɗi ƙasa sosai ruwan yana rabuwa biyu, ya bar gurbi a tsakiya, sannan ɓangarorin su sake karo.

Wani sakamako da ya fito daga gwajin, wanda ba shi aka je nema ba, shi ne hanyar gano inda bututu ke yoyo ba tare da an tone titi ba. Rami ko tarin iska a cikin bututu yana mayar da wani ɓangare na igiyar, sai a ga alamarsa a zanen matsi. Tunda an san saurin igiyar, lokacin da alamar ta bayyana yana nuna nisan wurin. Masu bincike na ci gaba da gina na'urorin gano yoyo a kan wannan dabara.

Ya gabatar da sakamakon a 1898, aka buga shi da Rashanci a 1899, da Jamusanci a 1900. A 1904 Olga Simin, 'yar Zimin, ta fitar da shi da Ingilishi a mujallar ƙungiyar ma'aikatan ruwa ta Amurka, daga nan ya bazu.

Zhukovsky ba shi ne farkon wanda ya rubuta wannan lissafi ba. Johannes von Kries, masanin aikin jiki ɗan Jamus, ya fitar da shi a 1883 yana nazarin bugun jini a jijiya, sai dai injiniyoyi ba sa karanta mujallun likitoci. Diederik Korteweg ɗan Holan ya riga ya lissafa saurin igiya a bututu mai miƙewa tun 1878, kuma Zhukovsky ya yi amfani da aikinsa. A Amurka ma Joseph Frizell ya kai ga irin wannan sakamako a 1898. Abin da ya bambanta aikin Mosko shi ne ya haɗa lissafi da gwaji a kan bututun birni na gaske, ya kuma gaya wa ma'aikatan ruwa abin da za su yi. Lorenzo Allievi ɗan Italiya ne ya faɗaɗa ka'idar daga baya, a 1902 da 1913, har ta shafi rufewar bawul a hankali.

Ƙa'idarsa a zamanin bututun roba

Bututan da Zhukovsky ya gwada duk na ƙarfe ne. An fara shimfiɗa bututun PVC a Jamus a shekarun 1930, bayan rasuwarsa, kuma a yau yawancin sababbin layukan rarraba ruwa da na cikin gidaje na PVC ne ko na foliyetilin, baƙin bututun nan da ke zuwa a nannaɗe. Ƙa'idarsa tana aiki a kansu, amma da bambanci mai muhimmanci.

Roba ta fi ƙarfe miƙewa nesa ba kusa ba, saboda haka igiyar matsi ba ta sauri a cikinta. A PVC takan yi tsakanin mita 300 zuwa 500 a daƙiƙa, a foliyetilin kuma takan gaza haka, gwargwadon kaurin bututun. Tunda bugun ya dogara ne da saurin igiya, ruwan da zai haifar da matsin mita 120 a ƙarfe zai tsaya a kusan mita 40 a bututun da igiya ke gudun mita 400. Wannan alheri ne. Sai dai rashin saurin yana tsawaita lokacin zuwa da dawowa. A bututu mai tsawon mita 600, igiya na zuwa ta dawo cikin daƙiƙa 1 idan ƙarfe ne, amma tana ɗaukar daƙiƙa 4 idan gudunta mita 300 ne. Rufewar daƙiƙa 3, wadda za ta rage bugu a ƙarfe, a wannan bututun robar rufewar kwatsam ce.

Bambanci na biyu ya shafi inda ƙarfin bugun ke tafiya. A lissafin Zhukovsky bututu yana kumbura nan take ya koma yadda yake nan take, kamar sifirin, ba ya cinye komai. A ƙarfe hakan kusan gaskiya ne, abin da ke kashe igiyar shi ne gogayyar ruwa da bangon bututu, shi ya sa takan daɗe tana kai da komowa. Roba kuwa tana da jinkiri: wani ɓangare na miƙewarta yana zuwa nan take, sauran yana biyowa a hankali, haka ma komawarta. A kowane zagaye na kumburi da motsewa wani kaso na ƙarfin igiyar yana zama zafi a jikin bututun, ba ya dawowa cikin ruwa. Don haka a bututun roba kan igiyar yana dakushewa, tana kuma mutuwa bayan 'yan zagaye kaɗan, da sauri fiye da yadda gogayya kaɗai za ta iya bayyanawa. Gally da Güney da Rieutord sun nuna haka da gwaji a Faransa a 1979, sannan Dídia Covas da abokan aikinta sun auna shi a doguwar shimfiɗar foliyetilin a Kwalejin Imperial da ke Landan a farkon shekarun 2000. Hasashen bugun farko har yanzu na Zhukovsky ne. Abin da ke biyo baya ne ya buƙaci sabon lissafi.

Wannan bai sa bututun roba ya fi ƙarfin fashewa ba. Matsin da yake iya ɗauka bai kai na ƙarfe ba, zafi yana rage masa ƙarfi, PVC da aka bari a rana yana bushewa ya yi saurin tsagewa, kuma bugu ƙanana masu maimaituwa kullum suna gajiyar da shi, musamman a gwiwa da mahaɗa.

Yanayin garuruwa irin su Zariya ya tara kusan duk abubuwan da ke haifar da bugun ruwa. A Samaru da Sabon Gari gidaje da makarantu da masallatai da yawa sun dogara da rijiyar burtsatse, inda inji ke tura ruwa ta bututun roba zuwa tankin da ke sama. Idan aka ɗauke wuta inji na tsaka da aiki, ruwan da ke hawa yana tsayawa, ya juyo, ya bugi bawul ɗin da ke hana shi komawa rijiya. Bawul mai hannu ɗaya da ake rufewa da kwatan juyi, wanda ya cika shagunan kayan famfo, shi ne ainihin irin wanda Zhukovsky ya ce a guje masa a dogon layi. Inda kuma ruwan famfo ke zuwa yana ɗaukewa, bututu yana cika da iska, idan ruwa ya dawo sai ya matse ta, ta fita da ƙarfi, ruwan da ke bayanta ya yi karo da bakin famfo. Akwai kuma haɗari ga lafiya: lokacin da igiyar ƙarancin matsi ke wucewa, bututu mai tsaga da ya ratsa kwata yana iya tsotso ƙazantar da ke kewaye da shi zuwa cikin ruwan sha. Ɗaliban injiniyan gine-gine da na albarkatun ruwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru suna haɗuwa da ƙa'idar Joukowsky a darasin haidirolik, kamar takwarorinsu na ko'ina.

Harkar jiragen sama

Tun kafin aikin ruwan Mosko hankalin Zhukovsky ya karkata ga tashi sama. A 1891 ya gabatar da nazari a kan shawagin tsuntsaye, inda ya lissafa hanyoyin da abu mai fiffike zai iya bi, har da cikakken zagaye a tsaye. Matuƙi Pyotr Nesterov ya yi wannan zagaye da jirgi a Kiev a 1913. A 1895 Zhukovsky ya ziyarci Otto Lilienthal a Berlin, ya ga yadda yake shawagi da jirginsa marar inji, ya kuma samu ɗaya daga cikin jiragen, wanda har yau yana ajiye a Mosko.

A 1902 ya gina ramin gwajin iska a Jami'ar Mosko. A 1904 aka buɗe cibiyar nazarin motsin iska a Kuchino, kusa da Mosko, da kuɗin Dmitry Ryabushinsky, ɗan gidan attajirai, Zhukovsky kuma ya jagoranci tsarinta. A 1906 ya buga lissafin da ya nuna cewa ƙarfin da ke ɗaga fiffike ya dogara da nauyin iska, da saurinta, da kuma yadda take kewaya fiffiken. Martin Kutta ɗan Jamus ya taɓo batun a 1902, shi ya sa ake haɗa sunayensu a kan wannan ƙa'ida. A 1910 ya fitar da hanyar lissafi da ke mayar da da'ira ta zama siffar fiffike mai kumburarren gaba da siririn baya, wadda ta ba da damar a lissafa ƙarfin ɗagawa a takarda kafin a ƙera komai. Daga 1912 zuwa 1918 ya buga jerin takardu a kan farfelar jirgi. A 1920 ya lissafa iyakar abin da injin iska zai iya tatsa daga iskar da ke ratsa shi, kashi 16 cikin 27, wato kimanin kashi 59 cikin ɗari. Albert Betz ya kai ga wannan adadi a shekarar, kuma sunansa ne ya fi bin sa.

Ga Zhukovsky ruwa da iska abu ɗaya ne a lissafi, dukansu masu kwarara ne. A Zariya ɓangarorin aikinsa biyu suna maƙwabtaka: Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya, wadda aka kafa a 1964, tana kan hanyar da ta haɗa Sabon Gari da Samaru, kuma ƙarfin ɗaga fiffike yana cikin darussan farko na matuƙa da injiniyoyinta.

Ɗalibansa sun haɗa da Sergey Chaplygin, wanda ya zama abokin aikinsa, da Andrei Tupolev mai ƙera jiragen sama, da Boris Yuryev da ya yi fice a kan jirgi mai saukar ungulu, da Vladimir Vetchinkin. Da yawansu sun fito ne daga ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar tashi sama da ya kafa a Makarantar Fasaha.

Shekarun ƙarshe da rasuwa

Lokacin juyin juya halin 1917 Zhukovsky yana da shekara 70. Bai bar ƙasar ba kamar yadda wasu masana suka yi. Ya ci gaba da koyarwa cikin yunwa da sanyin yaƙin basasa, kuma a ranar 1 ga Disamba, 1918 shi da Tupolev da sauran ɗalibansa suka kafa babbar cibiyar nazarin motsin iska da ruwa, wadda aka fi sani da TsAGI, ya zama shugabanta na farko. A Disamba 1920 gwamnatin Lenin ta fitar da doka ta musamman don cikarsa shekara 50 yana aikin kimiyya, ta ba shi albashi na musamman, ta kafa lambar yabo da sunansa, ta kuma umarci a buga ayyukansa.

Shekarar 1920 ta yi masa tsanani. Ya yi fama da ciwon huhu, 'yarsa Yelena ta rasu tana da ƙuruciya, daga baya kuma ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ya rasu ranar 17 ga Maris, 1921 yana da shekara 74, aka binne shi a maƙabartar gidan ibada na Donskoy a Mosko. Chaplygin ne ya gaje shi a shugabancin TsAGI.

A 1947, shekara 100 da haihuwarsa, aka sa wa garin da TsAGI ta koma, kudu maso gabashin Mosko, suna Zhukovsky. Makarantar injiniyoyin sojan sama ta Mosko ma ta ɗauki sunansa, kuma a nan Yuri Gagarin ya kammala karatu a 1968. Akwai wani rami a bayan wata da aka raɗa wa sunansa, gidan iyayensa na Orekhovo kuma an mayar da shi gidan tarihi.